Yadda Steve Jobs ya haɗa fasaha, kimiyya da boren matasan Amurka

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniyan kwamfuta ne. Ina yawan jin ana cewa Steve Jobs na kamfanin Apple bai gama jami'a ba, ya yi yawo a Indiya, ya yi tu'ammali da ƙwaya, kuma wai wannan rayuwar ce ta ba shi basirarsa. Wasu kuma suna cewa bai ƙirƙiri komai ba, aikin injiniyoyi ya kwashe ya liƙa sunansa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ƙanena, kowace daga cikin maganganun nan biyu ta ɗauki rabin gaskiya ta yar da rabi. Jobs ba injiniya ba ne irin wanda kake karatun zama. Ba shi ya zana fanel ɗin kwamfutar Apple ta farko ba, ba shi ya rubuta manhajar Macintosh ba, kuma ba ƙwaya ce ta gina kamfanin ba. Baiwarsa ita ce iya tsayawa tsakanin mutane iri uku da ba su saba shan inuwa ɗaya ba: masana lantarki da lissafi, masu zane da ƙayata abu, sai kuma matasan da suka yi wa tsarin ƙasarsu bore. Yana jin yaren kowannensu, ya san abin da zai karɓa a hannun kowa, kuma yana da taurin kan da zai sa su haɗu dole a kan abu guda da za a iya kaiwa kasuwa. Amma sai ka san inda ya tashi kafin ka gane yadda hakan ta yiwu.

An haife shi a San Faransisko ranar 24 ga Fabrairu 1955. Mahaifinsa na jini, Abdulfattah Jandali, ɗan Siriya ne daga birnin Homs, abin da mutanenmu ke son ambata, sai dai ba shi da hannu a tarbiyyarsa. Paul da Clara Jobs ne suka ɗauke shi riƙo tun yana jariri. Paul mai aikin ƙarfe ne, yana kuma sayen tsofaffin motoci ya gyara ya sayar, kuma shi ya koya wa yaron cewa bayan kabad ko bayan shinge, inda ido ba ya kaiwa, shi ma sai an yi masa aiki mai kyau. Sun zauna a Mountain View, daga baya Los Altos, a yankin Kalifoniya da ake kira Kwarin Silikon yanzu. A wancan lokacin kuɗin gwamnati ne ke kwarara a yankin saboda yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet. Bayan Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, sojan Amurka da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA suka zama manyan masu sayen ƙananan kayan lantarkin da kamfanoni irin su Fairchild ke ƙerawa. Kamfanin Lockheed na haɗa makamai a Sunnyvale, Hewlett-Packard na Palo Alto. Maƙwabtan gidansu injiniyoyi ne, garejin kowa cike da wayoyi da tarkacen rediyo. Yana da kimanin shekara 12 ya nemo lambar Bill Hewlett a littafin lambobin waya, ya kira shi ya roƙi kayan haɗa wata na'urar awo. Hewlett ya ba shi kayan, ya kuma ba shi aikin hutu a masana'anta.

Tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga nan wata duniya ce daban. Matasan San Faransisko da jami'ar Berkeley sun ƙi yaƙin Biyetnam, sun ƙi aikin soja na dole, sun ƙi rayuwar iyayensu ta kwat da ofis. Suka tara gashi, suka koma gonaki suna zaman tarayya, suka rungumi addinan Asiya, kiɗa da ƙwayoyi. Su ne 'yan hipi. Da farko kwamfuta abokiyar gabarsu ce, domin a shekarun 1960 na'ura ce mai cika ɗaki, ta miliyoyin daloli, wadda sai soja, banki da manyan kamfanoni ke mallaka, kuma IBM ke riƙe da kasuwarta. Ɗaliban da suka yi zanga-zanga a Berkeley a 1964 har katin da ake hudawa a saka wa kwamfuta suka riƙa ratayawa, suna cewa jami'a ta mayar da su lamba.

Wanda ya fi kowa juya wannan tunani shi ne Stewart Brand, wanda ya karanta ilimin halittu a Stanford, ya yi soja, sannan ya faɗa cikin 'yan hipi. A 1968 ya fara fitar da wani kundi mai suna Whole Earth Catalog, wanda ke nuna wa masu zaman gona inda za su samu kayan aiki da littattafai: na noma, na gini, na kiwon zuma, har da na'urar lissafi. Ra'ayinsa shi ne duk kayan aikin da ya shiga hannun mutum ɗaya ya rage masa dogaro da hukuma. To in fartanya da injin niƙa sun shiga wannan lissafi, me zai hana kwamfuta? A watan Disamba na wannan shekarar Brand na cikin waɗanda suka taimaka wa Douglas Engelbart wajen nuna wa duniya linzamin kwamfuta a karon farko, binciken da hukumomin soja da NASA suka ɗauki nauyinsa. Ka ga ke nan tun Jobs na sakandare an riga an fara ƙulla zaren. Ya taso ya tarar da tunanin cewa kwamfuta za ta iya zama ta mutum ɗaya, ya kuma yarda da shi har zuciya.

Gwajinsa na farko laifi ne a dokar ƙasarsu, kuma sata ce, bai kamata a yi mata kwalliya ba. A 1971 ya haɗu da Steve Wozniak, wanda ya girme shi da shekara huɗu da ɗoriya, gwanin lantarki na gaske. A watan Oktoba na shekarar mujallar Esquire ta buga labarin masu yaudarar layin tarho. A lokacin kamfanin tarho na AT&T yana tura umarnin haɗa kira ta hanyar sauti, a kan layin da murya ke bi. In ka busa sauti mai kaɗawa sau 2,600 a daƙiƙa, na'urar kamfanin sai ta ɗauka ka ajiye waya alhali layin na hannunka, daga nan sai ka tura wasu sautuka bibbiyu ka kira duk inda kake so kyauta. Wozniak ya binciko adadin sautukan a ɗakin karatu na cibiyar binciken kimiyya ta Stanford, ya haɗa ɗan akwatin da ke fitar da su. Shi burinsa ya ga abin ya yi aiki. Jobs ne ya ce a sa masa gida mai kyau a sayar, suka riƙa bin ɗakunan ɗalibai a Berkeley suna sayarwa dala 150. Daga baya Jobs ya ce ba don wannan akwati ba da babu Apple, domin a nan suka ga cewa yara biyu za su iya juya na'urorin kamfani mafi girma a ƙasar. Rabon aikin da suka yi a nan, ɗaya ya ƙera ɗaya ya mayar da shi haja, shi suka ci gaba da yi.

Yanzu batun barin makaranta, wanda na fi so ka saurara da kyau. A 1972 ya shiga kwalejin Reed da ke Portland, mai tsadar gaske, wadda ke cinye ajiyar iyayensa. Bayan wata 6 ya janye sunansa, amma bai bar harabar ba. Ya ƙara kusan wata 18 yana kwana a ƙasa a ɗakunan abokai, yana mayar da kwalaben lemo a ba shi santi 5 kowace ya sayi abinci, ran Lahadi ya taka mil 7 zuwa wurin ibadar 'yan Hare Krishna don cin abincin sadaka. A wannan zama ya riƙa shiga azuzuwan da ransa ke so, ciki har da ajin ƙayata rubutun hannu na Robert Palladino, tsohon malamin zuhudu na Katolika. A nan ya koyi cewa harafi yana da jiki: inda alƙalami ke kauri da inda yake sirancewa, tazarar da ta dace tsakanin harafi da harafi, dalilin da ya sa wani shafi ke hutar da ido wani ya gajiyar da shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani da hannu, ya ga yadda yake fiƙe alƙalami da yadda yake auna layi, ya san wannan ilimi ne mai ƙa'ida. Don haka mutumin da ake ce maka ya gudu daga karatu, takardar shaida ya bari, karatu kuwa ya ci gaba da yi cikin yunwa. Wozniak ma, bayan ya yi arziki, ya koma Berkeley ya ƙarasa digirinsa a shekarun 1980.

A 1974 ya samu aiki a kamfanin wasannin bidiyo na Atari, ya tara kuɗi ya tafi Indiya tare da abokinsa Daniel Kottke, suna neman wani malamin Hindu, Neem Karoli Baba. Sun tarar ya mutu tun Satumban 1973. Jobs ya yi watanni yana yawo, ya yi ciwo, ya dawo da aski ƙwal. Abin da ya daɗe tare da shi shi ne Zen, wani reshe na addinin Buda daga Japan, wanda ya koya wajen Kobun Chino Otogawa a Los Altos. Wannan malamin ne ma ya ɗaura masa aure a 1991. Horon Zen zama ne shiru na dogon lokaci, da rage tarkace a ɗaki da a zuciya. Akwai hotonsa na 1982, yana da miliyoyin daloli, zaune a ƙasa a falon da babu kujera, sai fitila, kayan sauti da kofin shayi. Wannan ɗabi'a ta ƙin tarkace ita ce ta koma tambayar da ya addabi injiniyoyinsa da ita har ƙarshen rayuwarsa: wannan maɓallin me yake yi a nan, ba za a iya cire shi ba? Ya haɗa ta da abin da ya gani a salon zanen Jamus, na makarantar Bauhaus da kayan kamfanin Braun, farare masu santsi marasa ado.

Ƙwaya kuwa, gaskiya ne ya sha LSD yana matashi, kuma da bakinsa ya ce tana cikin muhimman abubuwan da ya yi a rayuwarsa. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma dubban ɗaruruwan matasa sun sha ta a waɗannan shekaru, da yawa ta lalata musu hankali da rayuwa, kuma ba a san su da ƙera komai ba. Wozniak, wanda hannunsa ya zana Apple ta farko da ta biyu, ya sha faɗa cewa shi bai taɓa shan ƙwaya ba. Ina ganin babban zalunci ne a ɗauki wannan ɓangare a miƙa wa matashi a ce ga sirrin, musamman a wurinmu da shaye-shaye ya riga ya cinye mana yara masu ƙwaƙwalwa.

Inda igiyoyin uku suka haɗu a fili shi ne wata ƙungiya mai suna Homebrew Computer Club, wadda ta fara zama ranar 5 ga Maris 1975 a wani gareji a Menlo Park. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kira taron, Fred Moore, ɗan gwagwarmayar adawa da yaƙi ne, wanda ya riƙa jagorantar zaman daga baya kuma, Lee Felsenstein, yana cikin masu boren Berkeley. Abin da ya tara su shi ne Altair 8800, kwamfutar da ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa da kansa. Al'adarsu ita ce kowa ya kawo abin da ya gano ya raba kyauta, har Bill Gates ya rubuto musu wasiƙa a farkon 1976 yana ƙorafin suna kwafar manhajarsa ba biya. Wozniak ya haɗa tasa kwamfutar a kan ƙwaƙwalwar MOS 6502, mai arha, wadda ba ta wuce dala 25 ba, yana raba zanenta ga duk mai so. Jobs ya ce a daina rabawa, a sayar. Ya sayar da motarsa, Wozniak ya sayar da na'urar lissafinsa, suka kafa Apple ranar 1 ga Afrilu 1976. Wani mai shago, Paul Terrell, ya yi odar guda 50.

A Apple II ta 1977 aka fara ganin hannun Jobs sosai. Cikinta aikin Wozniak ne. Jobs ya dage cewa kada ta yi kama da kayan ɗakin gwaji. A yi mata gidan roba mai laushin gani irin na kayan kicin, wanda uwa za ta yarda a ajiye a falo. Ya kuma ƙi jinin ƙarar fanka. Cire fanka kuwa ba magana ce ta ado kawai ba, sai an rage zafin da na'urar ke fitarwa. Saboda haka ya nemo injiniya Rod Holt, wanda ya ƙera mata abin sarrafa wuta mai kunnawa da kashewa dubban sau a daƙiƙa, maimakon babbar taransifoma mai ɗaukar zafi. Ka lura da yadda abin ke tafiya, domin haka zai yi ta maimaituwa: son shiru, wanda ya samo daga zaman Zen, ya zama matsalar injiniya, injiniya kuma ya warware ta da ilimin lantarki.

Sai ziyarar da masu cewa ɓarawo ne suka fi kafa hujja da ita. A Disamban 1979 ya je cibiyar bincike ta Xerox a Palo Alto, bayan an ba Xerox damar sayen hannun jarin Apple na dala miliyan 1. A can ya ga kwamfutar Alto, wadda suka ƙera tun 1973, mai linzami, tagogi da hotuna a fuska. Masanan wurin da yawa sun fito ne daga binciken da ma'aikatar tsaro ta ɗauki nauyi. Ba shakka tunanin nasu ne. Sai dai lokacin da Xerox ta fitar da tata a kasuwa a 1981, kuɗinta ya haura dala 16,000, ba ta kuma yi ciniki ba. Linzaminsu mai maɓalli uku ne, haɗa shi na cin kusan dala 300, ga saurin lalacewa. Jobs ya je wa wani ƙaramin kamfanin zane ya ce yana son mai maɓalli ɗaya, wanda kuɗin haɗa shi ba zai kai dala 15 ba, ya yi shekaru bai lalace ba, ya yi aiki a kan tebur ko a kan cinyar wandonsa. Samfurin farko da ƙwallon kwalbar turaren hammata da wani ɗan kwanon roba aka haɗa shi. Rage farashin abu sau ashirin tare da ƙara masa ƙarko, wannan ma ƙirƙira ce, kuma ita ta fitar da linzami daga ɗakin bincike zuwa gidajen mutane.

Bari in nuna maka abin a kusa, tunda kai ɗan fannin ne. Tsofaffin kwamfutoci suna da haruffa a daskare cikin wata ƙwaƙwalwa, kowane harafi faɗinsa ɗaya; Apple II layinta harafi 40 ne, manyan baƙaƙe zalla. Macintosh kuwa kowane ɗigo a fuskarta yana da gurbinsa a ma'ajiya. Ɗigo 512 a kwance, 342 a tsaye, jimilla 175,104, wato kusan kilobayit 22, kashi ɗaya cikin shida na kilobayit 128 da na'urar ke da shi gaba ɗaya. Sadaukarwa ce babba, amma ita ta ba da damar zana komai, har da haruffa masu faɗi daban-daban irin na littafi. A nan ajin Palladino ya yi rana. Aka ɗauko mai zane Susan Kare, wadda ta karanta fasahar zane ba kwamfuta ba, ta zauna da takarda mai gidaje-gidaje tana cike su ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da salon haruffa da 'yan hotunan nan na kwandon shara da agogon hannu. A jawabinsa na Stanford a 2005 Jobs ya ce ba don ajin nan ba da wataƙila babu kwamfutar da za ta samu kyawawan haruffa. Wannan ya yi yawa, domin Alto na da su tun tsakiyar shekarun 1970. Abin da ya yi shi ne ya ƙi yarda a ɗauke su a matsayin ƙari da za a iya yafewa.

Wani labari da ma'aikatan suka adana ya fi nuna halinsa. A 1981 Bill Atkinson, mai rubuta manhajar zane, ya gano dabarar zana da'ira da sauri. Ƙwaƙwalwar Motorola 68000 ba ta da saurin yin lissafin da aka saba amfani da shi, sai ya yi amfani da wata ƙa'ida: in ka tara lambobin mara a jere, kullum murabba'i kake samu, 1 da 3 huɗu, a ƙara 5 tara, a ƙara 7 sha shida. Da tarawa kawai sai ga da'ira. Ya zo yana murna, Jobs ya ce to saura siffa mai gefe huɗu da kusurwoyi masu lanƙwasa. Atkinson ya ce ba a buƙatarta, kuma za ta yi wuya. Jobs ya ja shi waje suka zaga unguwa, yana nuna masa tebur, tagar mota, allunan titi, har suka iso allon hana ajiye mota, Atkinson ya sallama. Washegari ya dawo da ita tana aiki. Duba maɓallan wayarka yanzu ka ga kusurwoyinsu. Lissafin na Atkinson ne ɗungurungum, idon da ya lura cewa duniya cike take da wannan siffa na Jobs ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Boren ma bai bar shi a baya ba, ya mayar da shi tutar aiki. Tawagar Macintosh ta kafa tutar 'yan fashin teku a kan gininta a 1983. Ya sa aka zana sa hannun ma'aikatan a cikin gidan na'urar, inda mai saye ba zai gani ba, yana cewa masu fasaha suna sa hannu a aikinsu. Tallar da aka nuna ranar 22 ga Janairu 1984 ta nuna wata mace tana farfasa allon wani azzalumin shugaba, kowa kuma ya gane IBM ake nufi. Kwana biyu bayan haka aka fito da Macintosh a kan dala 2,495. Sai dai kimiyya ba ta jin lallashi. Ma'ajiyar ta yi kaɗan, ramin faifai ɗaya ne, sai mutum ya yi ta cirewa yana sakawa, babu fanka, manhajoji ƙalilan. Ciniki ya faɗi kafin ƙarshen shekara, rigima ta ɓarke tsakanin Jobs da shugaban kamfanin, John Sculley, wanda shi ya ɗauko shi daga Pepsi, kuma a 1985 aka raba shi da iko ya fice. Abin da ya ceci Macintosh daga baya shi ne haɗuwarta da na'urar buga takardu ta LaserWriter da manhajar PageMaker, wanda ya sa ƙaramin ofis ya iya tsara jarida ko littafi da kansa. Haruffan nan dai su suka biya bashin.

Shekarun da ya yi a waje sun koya masa abin da Indiya ba ta koya masa ba. Ya kafa NeXT, ya ƙera baƙar kwamfuta mai siffar akwati, kyakkyawa, a kan dala 6,500, ta ƙi sayuwa. Amma manhajarta, wadda aka gina a kan binciken jami'o'in Carnegie Mellon da Berkeley, ta yi inganci har Tim Berners-Lee ya rubuta manhajar yanar gizo ta farko a kanta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai a 1990. A 1986 kuma ya sayi sashen kwamfuta na kamfanin fim ɗin George Lucas, ya zama Pixar. A can shugaban fasaha, Ed Catmull, mai digirin digirgir ne a kimiyyar kwamfuta, John Lasseter kuma mai zanen katun ne. Jobs ya yi shekaru yana zuba kuɗinsa ana asara, kuma a nan ya koyi ja da baya ya bar masu labari su yi labarinsu. A 1995 suka fitar da dogon fim na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta. Ko ginin ofishinsu shi ya dage a sa wurin cin abinci da akwatunan wasiƙa a tsakiya, don dole mai lissafi ya yi karo da mai zane.

Apple ta sayi NeXT a ƙarshen 1996 tana dab da durƙushewa, ya karɓi ragama a 1997. Ya soke yawancin kayan da suke yi ya bar layi huɗu, ya ɗaga mai zane Jony Ive ya ba shi murya daidai da ta injiniyoyi. Sai iMac a 1998, iPod a 2001, wadda aka gina a kan wani ɗan faifan ajiya na Toshiba, sannan iPhone a Janairun 2007, wadda manhajarta jikar ta NeXT ce, gilashinta na Corning, fasahar taɓa fuska da yatsu kuma an samo wani ɓangarenta daga wani ƙaramin kamfani da suka saya a 2005. A Maris 2011 ya faɗa a bainar jama'a cewa fasahar na'ura ita kaɗai ba ta isa ba, sai an aura mata ilimin adabi da na ɗan Adam.

Akwai wani abu da masu yabonsa ba sa son a taɓo, ni kuwa ina ganin shi ne mafi nauyi. Daga al'adar boren nan ya ɗauki salo, ƙarfin hali da son sauƙi, amma ya ajiye zuciyarta, wato rabawa da barin mutum ya buɗe kayansa. Tun a Apple II suka yi jayayya: Wozniak na son ramuka 8 da mai saye zai ƙara abin da yake so, Jobs na son 2. Wozniak ya yi nasara a lokacin. A Macintosh Jobs ya rufe gidan da sukurori na musamman. Kasuwar manhajoji ta App Store da aka buɗe a 2008 ya sa babu manhajar da za ta hau iPhone sai da izinin kamfani, wanda a lokacin yake karɓar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin manhajar. Wajajen 2010 suka fara sa sukurori masu kai kamar fure mai ganye biyar a iPhone 4, kuma duk mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ya san sai ya nemi sukundireba ta daban kafin ya buɗe ta. Hujjarsa ita ce in ka riƙe komai a hannunka, abin zai yi aiki lami lafiya ga wanda bai san komai ba game da na'ura, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma yaron da ya fara da kutsawa layin AT&T ya gina na'urar da irinsa ba zai iya kutsawa ba. A mu'amala ma haka. Da Apple ta shiga kasuwar hannun jari a Disamban 1980, dukiyarsa ta haura dala miliyan 200 yana ɗan shekara 25, amma Kottke, abokin tafiyarsa Indiya kuma ɗaya daga cikin ma'aikatan farko, bai samu kaso ba. Wozniak ne ya ɗebi nasa ya raba wa irinsu. Ya yi shekaru yana musun 'yarsa Lisa da aka haifa a 1978. A 2010 kuma aka samu jerin ma'aikata da suka kashe kansu a masana'antar Foxconn da ke Shenzhen a Sin, inda ake haɗa kayan Apple da na wasu kamfanoni.

Haɗin nan nasa yana aiki ne muddin akwai masani a gefensa da zai ce masa wannan ba zai yiwu ba, shi kuma ya matsa har a gano iyakar gaskiya. Inda ya fifita jin zuciyarsa a kan ilimi ya sha wuya, kuma mafi tsananin misali a jikinsa ne. A Oktoban 2003 aka gano masa ciwon daji a pancreas, wato gaɓar ciki da ke sarrafa sukari, wani nau'i mai tafiyar hawainiya wanda ake iya yi wa tiyata. Likitoci suka ce a yanka nan take. Ya ƙi, ya koma ga tsarin cin ganyayyaki da 'ya'yan itace da ya saba tun zamanin Reed, da allurar gargajiyar Sin da magungunan itatuwa, har kusan wata 9, iyalinsa da abokansa na roƙonsa. Sai a Yulin 2004 ya yarda aka yi aikin. Marubucin tarihinsa ya ce daga baya ya yi nadamar wannan jinkiri. An yi masa dashen hanta a 2009, ya sauka daga shugabancin Apple a Agustan 2011, ya mutu ranar 5 ga Oktoba na wannan shekarar yana da shekara 56.